An rubuta 4K 144Hz a kwali, ni dai ban gan shi ba

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Yau kwana goma sha ɗaya ina fama da monita da katin girafik (wanda ke zana hoton gem a kwamfuta) ɗin da na kwashe wata da watanni ina tara musu kuɗi, kuma duk abin da aka rubuta a jikin kwalayen nan babu ɗaya da na samu yadda na ɗauka. Ba wai kayan sun zo a lalace ba ne fa, da lalacewa ce ai da sauƙi, sai in mayar a canza min. Lafiyarsu ƙalau. Rubutun ne aka tsara shi yadda kai za ka fahimci abu ɗaya, su kuma suna nufin wani abu daban, ka je ka yi magana a ce ai ba a yi maka ƙarya ba.

A gaban kwalin monitan an rubuta 4K, 144Hz, 1ms, HDR, HDMI 2.1, kowanne da manyan baƙi. Na haɗa da wayar HDMI ɗin da ta zo a ciki, na shiga saitin Windows zan ɗaga shi zuwa 144Hz, wato allon ya riƙa sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, babu. 60 ne ƙarshe. Na canza waya, na sake direba, na cire na mayar ya fi a ƙirga, sai can cikin takardar bayani da ƙananan rubutu na gano ramin HDMI ɗin 18 Gbps (yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa) kawai yake ɗauka, wato ainihin ƙarfin tsohon HDMI 2.0 wanda a 4K iyakarsa 60Hz. Cikakken HDMI 2.1 kuwa 48 Gbps ne. To ya aka yi aka rubuta 2.1? Ashe tun ƙarshen 2021 magana ta fito fili cewa masu ba da lasisin HDMI sun narkar da sunan 2.0 cikin 2.1, duk sababbin abubuwan kuma sun zama ganin dama, kamfani na iya saka tsohon rami ya liƙa masa sabon suna kuma bai karya doka ba. Haba don Allah! Mutumin da ya zo sayen monita ta ina zai san wannan? Sai da na sake sayen wayar DisplayPort, wata irin wayar haɗa monita daban, sannan 144 ya fito, shi ma da yake 1.4 ne sai an matse hoton da abin da suke kira DSC, kuma tun daga nan duk lokacin da na fita daga gem zuwa wata manhaja allon sai ya yi baƙi na daƙiƙa biyu uku kafin ya dawo.

Maganar 1ms kuwa, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ita ta fi ƙona min rai saboda ido na ne yake gani. A 144Hz kowane hoto yana zama kusan 6.9ms a allo, in da gaske fiksel, wato ɗigon da ke haɗa hoto, na canza launi cikin 1ms ai bai kamata ka ga komai na jan jela ba. Amma shiga wuri mai duhu a gem ka juya kamara, sai ka ga baƙin yana bin komai kamar an shafa shi da hannu, irin matsalar nan ta nau'in allon da ake kira VA da baƙi ke jinkirin komawa haske. Na shiga menu na sa overdrive, saitin da ke hanzarta canjin launi, a matakin ƙarshe, inda a nan ne suka samo 1ms ɗin nasu, jelar baƙin ta tafi sai wata farar inuwa ta maye gurbinta a gefen duk abin da ke motsi, wallahi ko minti biyar ba za ka iya kallo ba kanka zai fara ciwo. Kenan lambar da suka sayar min da ita tana wani saiti ne da ba mai iya amfani da shi. HDR ɗin da ake cewa yana ƙara wa hoto haske da launi ma haka, DisplayHDR 400 ne, matakin ƙasa, babu fitilun baya da ke ragewa yanki-yanki, kana kunnawa launi ya koɗe baƙi ya koma toka-toka. Na kashe shi ran farko ban sake waiwayarsa ba.

Sai katin. Nan fa abin ya fi ciwo don shi ya fi cin kuɗi. 8GB ne VRAM ɗinsa, wato memorin da ke jikin katin, kuma a tallan an nuna shi yana gudu a 4K da firem, wato hotuna a daƙiƙa, sama da ɗari. 4K fa ba wasa ba ne, 3840 sau 2160, fiksel miliyan 8.3 kenan, ninki huɗu na 1080p mai miliyan 2 da 'yan kai, a 144Hz kuma kana neman katin ya zana wannan duka sau 144 a daƙiƙa guda. Gem ɗin ya fara lafiya, minti ashirin ana tafiya sumul, sai memorin ya cika, daga nan kaya su fara zuba cikin RAM na kwamfuta ta hanyar PCIe, mahaɗin katin da kwamfuta, wadda ta fi jinkiri nesa ba kusa ba, sai hoto ya riƙa tsayawa cak yana ci gaba, bango da fuskokin mutane su koma kamar laka kafin su dawo daidai. Kuma lambar firem ta matsakaici a saman allo tana nan da kyanta! Ita suke nuna maka a talla, ba sa nuna maka waɗancan lokutan da firem ke faɗowa warwas daidai lokacin da kake tsakiyar faɗa, alhali su ne hannunka ke ji.

Abin da ban gane ba, katin GTX 1070 ya fito da 8GB a 2016, RX 480 ma yana da na 8GB a shekarar. Shekara tara bayan haka, a 2025, sababbin kati irin RTX 5060 suna fitowa da 8GB ɗin dai, wasu kuma kamar RTX 5060 Ti da RX 9060 XT suna zuwa kala biyu, mai 8 da mai 16, suna ɗaya sak, sai ka lura da kyau kafin ka san wanne ke hannunka. Gem sun yi nauyi, allo ya yi girma, memori na nan inda aka bar shi. Kuma ba abu ne da za ka ƙara daga baya ba kamar RAM, a manne yake jikin katin, in ya yi maka kaɗan sai dai ka sayi wani katin gaba ɗaya.

Da na koma na duba tallan da kyau sai na ga ƙaramin rubutu a ƙasan jadawalin, ashe 4K ɗin nasu ba 4K ba ne. A saitin performance na DLSS ko FSR, fasahohin faɗaɗa hoto, katin 1080p yake zanawa sannan a faɗaɗa hoton ya cika allo, a saitin quality kuma 1440p. Sannan an kunna ƙirƙirar firem, inda ake saƙa hotunan da manhaja ta hasaso a tsakanin na gaskiya. Ni ban ce fasahar banza ce ba, tana da amfani in dama kana da firem mai kyau a ƙasa, amma in asalin gem ɗin 35 yake ba ka aka ninka ya nuna 70, linzaminka har yanzu nauyin 35 zai yi, har da ƙarin jinkiri kaɗan a kai. Kowa ya tuna a taron baje kolin kayan fasaha na CES na Janairun 2025 da aka ce RTX 5070 zai yi aikin RTX 4090, mai 12GB da mai 24GB fa, lissafin kuwa ya dogara ne da ƙirƙiro firem har uku a kan kowane ɗaya na gaskiya. Wanda bai san wannan ba cinikin biri a sama kawai zai yi.

Na ce to bari in sauko zuwa 1440p in huta. Nan ma babu sauƙi, don 3840 in ka raba da 2560 ɗaya da rabi ne, fiksel ba sa faɗawa daidai kan juna, rubutu da komai sai ya yi dishi-dishi. Da wani ya faɗa min gaskiya tun farko da monita mai inci 27 na ainihin 1440p na saya, in zuba sauran kuɗin a kati mai 16GB, da yanzu ina wasana hankali kwance.

Na rubuta wa inda na saya cewa ina so in mayar da monitan saboda HDMI ɗin ba ya ba da abin da kwali ya nuna, amsar da aka ba ni ita ce kaya na aiki daidai da bayanan kamfani, kuma na riga na buɗe. To me zai hana a tilasta musu rubuta 18 ko 48 Gbps a gefen kowane rami, a rubuta yawan memorin a cikin sunan katin, a nuna firem na asali kafin na ƙirƙira? Layi uku ne fa kawai. Yanzu haka monitan na gabana, HDR a kashe, overdrive a tsakiya, tekscha (ingancin zanen jikin abubuwa a gem) a matsakaici, na kulle firem a 60 don ya daina tsayawa, 60 ɗin da tsohon monitana da na rabu da shi yake ba ni ba tare da na kashe ko sisi ba.