Wai "Turawa sun yi bincike"

Jiya a bakin kasuwar Muda Lawal na ji mai magani da lasifika yana rantsuwa cewa garinsa na zogale da gangamau da sabara yana hana ciwon daji, har da cewa Turawa sun yi bincike sun tabbatar. Mata sun kewaye motar, kowa da kuɗinta a hannu. Raina ya ɓaci, domin haka gwaggona ta shafe wata takwas tana shafa ƙulli a kan kumburin nono, sai da ya fashe aka kai ta asibiti. Allah Ya jiƙanta.

Kada a ce na raina itatuwa. Wallahi a'a. Furen nan na Madagaska da muke shukawa a ƙofar gida don ado, daga jikinsa aka fitar da vincristine, wanda Amurka ta amince da shi a 1963, kuma har yau da shi ake yi wa yara masu sankarar jini magani. Taxol ma, wani maganin ciwon daji, daga ɓawon wata bishiya ya fito. An ɗebo ɓawon a 1962, amma ba a yarda a ba masu ciwo ba sai 1992. Shekara 30 ke nan ana tacewa, ana auna yawan da jiki zai ɗauka, ana duba illa! Furen kuwa sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganyensa kafin a samu giram ɗaya. To ina tukunyar da za ta dafa wannan?

Abin da mai lasifika ba ya faɗa shi ne, yawancin binciken a cikin kwanon gwaji ake yi, ko a jikin ɓeraye. Sinadarin gangamau yana kashe ƙwayoyin daji a kwano, gaskiya ne, sai dai hanjin mutum ɗan kaɗan yake tsotsa. Rigakafi kuma ya fi wuyar tabbatarwa. A Finland an ba maza masu shan taba kusan 29,000 gwaji, wasu aka ba su sinadarin da ke cikin karas, ana zaton zai kare su. Sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ƙaruwa ma ta yi a cikin waɗanda suka sha.

Ni burina ɗalibanmu na jami'a su zauna da masu magani na gaskiya, a rubuta ilimin tsofaffi kafin su tafi da shi, a gwada sabara da maɗaci yadda ya kamata. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ai ta fitar da maganin sikila daga tsirrai.

Kafin nan, 'yan uwa, abin da aka riga aka tabbatar yana nan. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna jawo sankarar hanta, a daina cewa "a soya, ba komai". Allurar HPV, rigakafin sankarar bakin mahaifa, ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ta shigo tun Oktoban 2023, kyauta. Na kai 'yata. Kwana ɗaya ta yi tana ƙorafin hannu, washegari ta tafi Islamiyya.