Adalcin da bai haye Bahar Rum ba

'Yan gurguzun farko na Faransa sun ji tausayin talaka da gaske, ba zan hana su wannan ba. Almajiran Saint-Simon, wanda ya rasu a 1825, cewa suke dukan tsarin mulki ya kamata ya karkata ga kyautata rayuwar matalauta, tunda su ne mafi yawa. Abin tambaya shi ne: matalautan ina?

A 1830 sojojin Faransa suka ci birnin Aljiyas, babban birnin Aljeriya. Nan da nan aka rushe gidaje da shaguna a gindin unguwar Kasba don a buɗe filin faretin soja, a 1832 kuma aka ƙwace masallacin Ketchaoua aka mai da shi coci. Wannan ƙasar ce Prosper Enfantin, jagoran almajiran, ya shiga a 1839 cikin tawagar binciken gwamnati. Ya ga yadda ƙabilu ke riƙe da filaye a tare, ba na mutum ɗaya ba, abin ya burge shi ƙwarai. Amma littafin da ya fitar a 1843 magana yake kan yadda za a tsara zaunar da Turawa. Mamayar kanta ba ta dame shi ba.

Mabiya Charles Fourier, wani masanin gurguzu na Faransa, ma haka. A 1846 suka kafa gonar haɗin gwiwa a Saint-Denis-du-Sig, kusa da Oran, a kan fili kimanin hekta 3,000 da hukumar mulkin mallaka ta yanka musu. Raba riba a tsakaninsu abu ne mai kyau, sai dai filin ba na kakanninsu ba ne.

Shekarar 1848 ta fi tona asiri. Ma'aikatan Paris suka yi bore a watan Yuni, Janar Cavaignac, wanda ya goge a yaƙin Aljeriya, ya murƙushe su. A Satumba majalisa ta ware faran miliyan 50 don kwashe dubban talakawan birnin zuwa ƙauyukan noma a Aljeriya, inda kwalara da zazzaɓi suka yi musu ɓarna. Ba 'yan gurguzu suka yanke wannan hukunci ba, amma sun daɗe suna tallata Aljeriya a matsayin maganin yunwar Paris. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Akwai wanda ya fita daban. Ismail Urbain, almajirin Enfantin da ya musulunta a Masar a 1835, ya yi ta kare haƙƙin Larabawa kan filayensu har Napoleon na Uku, sarkin Faransa, ya saurare shi. Turawan da suka zauna a can suka tsane shi, kuma da sarkin ya faɗi a 1870 su suka yi rinjaye. Bayan boren da Shehu Mokrani ya jagoranta a 1871 aka ƙwace filaye masu ɗimbin yawa daga hannun ƙabilun da suka tayar.