Mun Tashi Domin Wutar Lantarki, Mun Kasa Tashi Domin Addu'a

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku. Abin da ya sa nake wannan rubutu a gidana ya faru, saboda haka da kaina zan fara kafin in taɓa kowa.

Kwana uku muka yi babu wutar lantarki a unguwarmu a nan Kafanchan. Jiya da misalin ƙarfe huɗu na asuba aka kawo ta, fanka ta soma juyawa, kafin ka ce kwabo gidan duka ya farka ba tare da wani ya ta da wani ba. Uwargida ta jona dutsen guga ta hau goge kayan makarantar yara, babban ɗanmu ya ruga ya kunna injin jan ruwa, ni kuwa ina ta lalube a ƙarƙashin gado ina neman cajar waya kamar wanda ya yar da zinariya. Sai da na zauna a bakin gado, waya a hannu, sannan na tuna cewa fiye da wata guda ke nan ba mu taru mun yi addu'ar safe a gidan nan ba, kuma hujjar da nake kafawa kullum ita ce gajiya. To, ina gajiyar ta shiga da ƙarfe huɗu? Wallahi kunya ta kama ni.

Mu daina yaudarar kanmu, domin ba barci ne ya fi ƙarfinmu ba. Wanda zai bi motar farko zuwa Abuja yana tasha tun gari bai waye ba. Mai sayar da ƙosai ta riga ta hura wuta kafin zakara ya yi cara ta biyu. Maƙwabcinmu Musulmi yana jin kiran sallar asuba ya fito cikin sanyin hunturu ya yi alwala, mu kuwa muna jin kiran nan sarai, sai mu ƙara jan bargo. Kowa yana tashi domin abin da ya ɗauka da muhimmanci, kuma abin da ya ta da mu jiya ya tona asirin abin da muka ɗauka da muhimmanci.

Mahaifiyata, wadda yanzu ta huta, ba ta iya karatu sosai ba, amma ban taɓa farkawa a ɗakinta ban same ta durƙushe a kan tabarma ba, tana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa domin kada ta dame mu, sannan ta ambaci sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji kafin ta ɗauki fartanya ta nufi gona. Ni da nake da Littafi Mai Tsarki a cikin waya, da Hausa da Turanci, sai in buɗe WhatsApp in karanta rigimar mutane tun ban ce wa Mahaliccina na gode ba.

Ku duba Markus 1:35. Daren da ya gabata, dukan garin Kafarnahum ya taru a ƙofar gida, Yesu ya warkar da marasa lafiya da yawa, duk da haka ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Wane aiki muka yi da ya fi nasa? Ku kuma tuna da manna a Fitowa 16: kowace safiya ake tattara ta, idan rana ta yi zafi sai ta narke, waɗanda kuma suka ɓoye ta jiya domin yau suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Haka muke yi da sujadar Lahadi, muna so ta riƙe mu har Asabar, shi ya sa tun ranar Talata muke faɗa da matanmu, muna zagin mai keke a kan naira hamsin. Sai ciwo ya kwantar da yaro a asibiti sannan mu buga wa fasto waya da tsakar dare, mu kira azumi, mu nemi Zumuntar Mata su zo su taya mu roƙo.

Ban ce Allah ba ya jin addu'ar rana ba, kuma na san akwai ma'aikatan jinya da masu gadi da suke kwana a bakin aiki. Su sai su ba Allah farkon lokacin da suka farka. Da mu nake, mu da muke kwana a kan katifa.

Iyaye maza, kada mu bar wa mata wannan nauyi su kaɗai. Gobe, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, ku ta da yaranku, ku kife wayar, ku karanta ko Zabura ɗaya ce, ku durƙusa tare. Ina roƙonku saboda Allah ku tashi. Ni na sa agogo ƙarfe biyar, wanda ya riga ni farkawa ya tuna da gidana a cikin addu'arsa.