Maganin Jarabar Caca: Akwai Ƙwayar Da Ke Taimakawa, Amma Ba A Kemis Ake Fara Ta Ba

Iyaye da matan aure da yawa suna tambaya ko akwai ƙwayar da za a ba mutum ya daina caca, musamman cacar ƙwallo ta waya da ta addabi matasanmu. Amsar ita ce akwai wadda ke rage jarabar, sai dai ba ta yi wa kowa aiki, kuma idan ta faɗa hannun da bai dace ba tana iya kai mutum gadon asibiti a ranar farko.

Haramcin caca ba abin musu ba ne, aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya. Likitoci ma a 2013 suka mayar da ita rukuni ɗaya da shaye-shaye a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, saboda hanyar da ke kunna jin daɗi a ƙwaƙwalwar mashayi ita ce ke kunnuwa idan ɗan caca yana jiran sakamakon tikitinsa. Shi ya sa wanda ya yi rantsuwa da Asuba sai ka gan shi ya sake zuba kuɗi kafin La'asar, wai zai fanso abin da aka cinye masa.

Maganin da ya fi samun hujja shi ne naltrexone, wanda asalinsa na masu shan giya ne da masu shan ƙwayoyi dangin tiramol da kodin. Yana toshe wuraren da ke kai saƙon daɗi, sai zumuɗin nan ya dushe. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2008, an ba mutane miligiram 50 ko 100 ko 150 kullum tsawon mako 18, aka ga 50 ɗin ta yi aikin da manyan suka yi. Waɗanda ke da tarihin shan giya a danginsu sun fi amfana. Amma a Finlan an gwada shan sa a lokacin da sha'awar ta taso kawai, bai fi ƙwayar bogi da babu magani a cikinta ba. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta yi wa kowane magani rajista da sunan maganin caca ba, kuma ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2025 cewa ta yi a duba naltrexone bayan an yi zaman gyaran tunani da ɗabi'a bai wadatar ba, ko mutum yana ta komawa ruwa.

Ga inda nake so a tsaya a saurara. Tambayar farko da likita zai yi ita ce: yana shan tiramol ko kodin? Idan yana sha, sai ya yi kwana 7 zuwa 10 babu ko ɗaya a jikinsa. In aka ba shi naltrexone alhali suna jikinsa, cikin ɗan lokaci zai kama amai da gudawa, gumi, murɗawar ciki, ciwon gaɓoɓi da firgici mai tsanani. A unguwanninmu kuwa yaron da ke caca sau da yawa shi ne ke shan waɗannan a ɓoye, kuma ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba. Don haka a bar shi ya gana da likita su biyu. Kada uwa ta saya ta niƙa masa a kunu, wannan ganganci ne da rai.

Sai gwajin hanta kafin a fara, a kuma maimaita bayan an fara, domin ciwon hanta nau'in B ya yawaita a cikinmu, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba. Yawanci ana farawa da rabin ƙwaya, miligiram 25, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, sannan a koma 50. Tashin zuciya da ciwon kai da rashin barci kan zo a makon farko su lafa. Mai shan sa ya riƙa yawo da takardar da ke nuna yana shan sa a aljihu, saboda in ya yi haɗari magungunan kashe zafi dangin mofin ba za su kama shi yadda aka saba ba. Idan kuma ya daina ya koma wa tiramol a yawan da ya saba da shi a da, jikinsa ba zai ɗauka ba, numfashi na iya tsayawa.

Wani abin da ake mantawa: akwai magungunan da su ne ke haddasa cacar. Pramipexole da ropinirole na ciwon karkarwar jiki, aripiprazole na taɓin hankali wanda aka yi gargaɗi a kansa a 2016, har da bromocriptine da cabergoline da ake ba wasu mata masu neman haihuwa. Dattijon da bai taɓa caca ba ya fara ta bayan sabon magani, a koma wurin likitan da ya rubuta a rage ko a sauya, kada a yanke shi rana ɗaya.

Magungunan ciwon damuwa kuwa amfaninsu ya fi fitowa idan akwai damuwar tare da cacar.

Ni a ganina duk wanda aka ɗora a kan ƙwaya aka bar masa katin banki da manhajar caca a waya, an yi aikin baban giwa. A rufe asusun cacar, albashi ya bi ta hannun wani amintacce, a zauna a rubuta bashin duka a takarda, a tsara biyansa kaɗan-kaɗan. Dangi su daina biya masa a dunƙule, hakan sabon jari ne. A nemi likitan ƙwaƙwalwa a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri, a ba maganin makonni kafin a yanke masa hukunci. Kuma a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin bashin caca na kai mutane can. In ya ce e, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.