Yadda 'yata ta ba ni jan kati a gaban jama'a

A makarantar da 'ya'yana ke karatu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ni ne shugaban ƙungiyar iyayen yara. Ba neman muƙamin na yi ba. Ranar zaɓen na fita amsa waya, kafin in dawo an riga an tafa mini. Tun daga nan duk takardar da ke buƙatar hannun iyaye sai an biyo ni da ita har shagona na kayan gyaran babur a babbar kasuwa.

Haka malamin wasanni ya zo mini ana shirin Ranar Matasa, wadda ake yi 11 ga Fabrairu kowace shekara. Ya ce bana a makon matasa za su yi gasar ƙwallon gociya tsakanin azuzuwa, ga dokokin ya buga, in duba in sa hannu. Na ce, "Malam, mene ne kuma ƙwallon gociya?"

Ya gyara zama ya yi mini karatu. Filin daidai yake da na ƙwallon raga, tsawo mita 18, faɗi mita 9, da layi a tsakiya. Mutum shida a nan, shida a can. Ana jera ƙwallaye shida a kan layin, da an busa usur kowa ya ruga ya ɗauka. Ka jefi mutum, ƙwallo ta same shi kafin ta taɓa ƙasa, ya fita. In ya cafe, kai mai jifan ne ka fita, sannan mutum ɗaya daga ɓangarensa ya dawo, wanda ya fara fita shi ke fara shigowa. Ka ƙetare layin tsakiya, ka fita. Ba a riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa goma. Jifa a kai ba ya cikin lissafi, sai in kai ne ka sunkuya ka tarbi ƙwallon da kanka. Tufafi kuwa jiki ne, in ta taɓa rigarka ta taɓa ka. Ya ƙara da cewa wasan har hukumar duniya gare shi, an kafa ta a 2011.

Na yi dariya har da tari. Wannan ai ƙanin wasan da 'yan mata ke yi a lungu ne da ƙwallon tsumma, biyu na jifa ɗaya na gocewa a tsakiya, wanda 'yan kudu ke kira ndoshi. Shi ne aka kai Turai aka yi wa hukuma.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne doka ta ƙarshe. Wai tunda ƙwallaye shida ne ke yawo a sama, alƙalin wasa kuma ido biyu gare shi, duk wanda ya ji an same shi ya ɗaga hannu ya fita da kansa, amana ce. Na ce, "Malam, yaran nan da za ka aika su sayo sukari na sefa 200 su kawo na 150, su ne za su fita da kansu?" Na karɓi biro na ƙara doka da hannuna a ƙasan takardar: duk wanda ya yi gardama da alƙalin wasa, katin gargaɗi, ya sake, jan kati, kuma ba gefen fili zai zauna ba, sai bakin ƙofar makaranta. Malam ya ce ta yi tsauri. Na ce masa ina cikin filin Rumde Ajiya ranar 23 ga Janairun 2022, lokacin da Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi, a idona aka ɗaga wa Iwobi, ɗan wasan Everton a lokacin, jan kati ya fita. In ɗan wasan Everton zai fita, ɗan aji uku wane ne? Na rattaba hannu, na buga hatimi.

Ranar Laraba bayan azahar aka yi wasan ƙarshe. An ce mini babban baƙo ne ni, don haka na fito da shaddata ruwan toka wadda ta sha sitaci da bugu, babbar riga da 'yar ciki da wando, na kafa hula, na fesa turare. Aka zaunar da mu a ƙarƙashin darbejiya, ga zoɓo mai sanyi. Yaran kuwa sun ba ni mamaki: ƙwallo na shafar yaro sai ya ɗaga hannu ya fice, ko ƙala ba ya cewa. Na san dai tsoron dokata ne. 'Yan matan aji na ƙarshe suka cinye kowa, har da samarin da ke taƙama da ƙwanji.

Ina shirin miƙewa in miƙa kofi sai shugaban makaranta ya karɓi lasifika ya ce akwai wasan sada zumunci, iyaye shida da zakarun gasa, kuma shugaban iyaye ne zai ja tawaga. Yara suka ɗauki ihu. Na duba hagu da dama, duk iyayen da suka zo sun samu abin karantawa a wayoyinsu. Da ƙyar aka tattaro biyar: wani tela, wani direban motar auduga, maƙwabcina Alhaji mai ciwon gwiwa, da iyaye mata biyu da suka ɗaure gyale a ƙugu tun kafin a gama roƙonsu. Malamin wasanni ya raɗa mini in cire babbar rigar. Na ce Allah ya kiyaye, shugaba ba ya tuɓe riga a gaban yara.

Sai da na shiga fili na ga wanda ke riƙe da usur. 'Yata ce ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyata, nake ce mata Uwata. Ashe tana cikin ɗaliban da aka koya wa alƙalanci. Hankalina ya kwanta. Na ce yau dai a gida wasan yake.

Aka busa. Ban ruga ba, don gudu ba na manya ba ne, na tsaya a baya na ware hannuwa ina ba tawagata umarni. Iska ta shiga rigar ta buɗe kamar an shanya zanin gado. Wata 'yar siririya ta saki ƙwallo, ta wuce ni da kusan kamu guda, ta shafi gefen hannun rigar, sitacin ya ce ƙwas. Usur ya tashi.

"Baba, ka fita."

Na ce, "Uwata, ni aka samu ko shadda?"

Ta ce, "Tufafi jiki ne, Baba."

Na ce mata yadi goma ne a jikina, in haka ne ko a unguwar Yelwa aka jefa ƙwallon ai ni ta samu. Ba gardama nake ba, bayani nake. Ta sa hannu a aljihu ta ɗaga mini katin gargaɗi, idonta a ƙasa don ladabi, hannunta a sama don kowa ya gani.

Na koma gefe. Ba a jima ba ɗaya daga cikin iyaye matan ta cafe wata ƙwallo da hannu ɗaya, da gani ka san ta yi lungu a zamaninta, aka ce in dawo tunda ni na fara fita. Wannan karon na naɗe hannuwan rigar a kafaɗa. Na goce wa ta farko, na goce wa ta biyu, filin ya ɗauki tafi. Ta ukun ta zo sai ta nutse cikin ninkin rigar a ƙirjina ta maƙale can, tsakanin goro da wayata. Na rungume ta na yi kabbara. Uwata ta yarda cafiya ce, yarinyar ta fita, Alhaji ya dawo yana ɗingishi yana harara ta, don shi da ya samu wurin zama. A lura da kyau: rigar da ta fitar da ni ita ce ta cafe, kuma ba wanda ya yi magana.

Ina cikin murna hulata ta faɗi. Mutum mai iyali ba ya tsayawa kai babu hula a gaban surukan gobe, na sunkuya in ɗauka. Ban san daga ina ta fito ba. Na dai ji tim a tsakiyar kai, na ga wuta, na ji ɗanɗanon zoɓon da na sha. Ƙwallayen ma ba na soso ba ne irin waɗanda takardar dokoki ta ce, tsofaffin ƙwallayen raga ne aka ɗan sace wa iska.

Usur. "Baba, ka fita."

Na ce, "Jifa a kai ba ya lissafi! Ni na sa hannu a dokar!"

"Sai in mutum ya sunkuya. Ka sunkuya."

"Hula na sunkuya wa, ba ƙwallo ba!"

Ta ce dokar ba ta tambayi dalili ba. Na ce to a kawo takardar. Aka kawo. Ta tsallake duk abin da aka buga da na'ura, ta sauka can ƙasa kan rubutun biro, ta karanta a lasifika da muryar nan da take karanta mini wasiƙar haraji. Sannan ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba," ta ɗaga ja.

Mai gadi ne ya raka ni, yana ta ba ni haƙuri da Fulatanci, ya ba ni bencinsa a bakin ƙofa. Daga nan na ji ana kiran sunana a lasifika in zo in miƙa kofi, sai na ji an yi shiru, sai aka kira tela.

Da daddare uwargida ta riga ta kalli bidiyon a WhatsApp, daga wayoyi daban-daban, kowanne da kusurwarsa. Uwata ta kawo mini tuwo ta durƙusa ta ce sannu da gajiya, kamar ba ita ba. A taron iyaye na gaba na kawo shawarar gyara guda biyu: a cire babbar riga daga lissafin jiki, kuma a hana ɗa yi wa mahaifinsa alƙalanci. Na ce mai goyon baya ya ɗaga hannu. Alhaji ne kaɗai ya ɗaga, shi ma tambaya ce gare shi, wai wa zai biya masa kuɗin man zafin gwiwa.