Talauci ya koma gefen birni, masu taimako ba su bi shi ba

Duk wanda ya ga unguwannin kewayen birni a Amurka, gidaje a jere da koriyar ciyawa a ƙofa, ba zai kawo a ransa akwai mai kwana da yunwa a ciki ba. A ganina wannan kyan gani ne yake ruɗar masu hannu da shuni da gidauniyoyinsu har yau.

Tun 2013 masu bincike na cibiyar Brookings, Elizabeth Kneebone da Alan Berube, suka nuna cewa talakawan da ke kewayen manyan biranen ƙasar sun fi na cikin biranen yawa. Haya ta yi tsada a tsakiya, jama'a suka yi gefe. Baƙi da yawa ma yanzu ba sa fara sauka a cikin birni, kai tsaye gefen suke nufa. Clarkston, ɗan ƙaramin gari kusa da Atlanta, ya shahara da 'yan gudun hijira daga ƙasashe barkatai. Amma cibiyoyin agaji yawancinsu a cikin birni aka kafa su, tun zamanin gidan agaji na Hull House da Jane Addams da abokiyar aikinta suka buɗe wa baƙi a Chicago a 1889, kuma har yanzu kuɗin agaji ya fi karkata can.

Ku ɗauki mace mai jego, mijinta yana aikin dare a rumbun ajiyar kaya, motar gidan ɗaya ce kuma da ita yake tafiya. An ba ta ranar kai jariri asibiti. Bas sai ta jira kusan awa, ta sauka ta shiga wata, ga titin ba wurin tafiyar ƙasa, ga babban yaron ba wanda za ta bar wa. Ta isa a makare, babu tafinta, aka sake mata wata ranar. A takarda kuwa an rubuta akwai asibiti a yankin, an wuce wurin.

Ga kuma doka. Tun 1996 yawancin masu katin zama na dindindin sai sun yi shekara biyar kafin su cancanci wasu tallafin gwamnatin tarayya, kamar na abinci da na Medicaid, wato inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi. A wannan tsakanin, da yawansu in ba 'yan uwa ko ƙungiyoyin sa-kai ba, ba mai duba su.

Abin da ke ba ni haushi shi ne irin taimakon da ake so a yi. A raba jakunkunan makaranta rana ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Ba laifi, yaro zai yi murna. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Abin da zai sauya rayuwar waccan matar ba shi da daɗin hoto: albashin tafinta, man motar da za ta riƙa ɗaukar iyaye mata, hayar ɗakin rainon yara don uwa ta samu zuwa ajin koyon Turanci. Su ne kuma masu bayarwa suke ƙyamar biya, wai kuɗin gudanarwa ne. Shi ya sa nake jinjina wa attajirar Amurka MacKenzie Scott, wadda tun 2020 take ba ƙungiyoyi maƙudan kuɗi ba tare da gindaya musu yadda za su kashe ba.

Masu aikin na gaskiya sau da yawa ƙananan ƙungiyoyi ne a masallatai da coci-coci da haɗakar 'yan gari ɗaya. Su ake buga wa waya da tsakar dare in naƙuda ta tashi. Ba su da ma'aikacin da zai zauna ya cike takardun neman tallafi, don haka kuɗin sai ya tafi ga babbar ƙungiya mai ofis a tsakiyar birni, ita kuma ta dawo tana roƙon waɗannan ƙananan su tara mata mutane kyauta. Gidauniyar da take da niyya ta tura ma'aikacinta ya je ya same su, ta rage takardun, ta ba da tallafin shekara uku maimakon ɗaya.