A bar tsofaffin jiragen yaƙi su huta

Akwai wata magana da samari ke yi a majalisarmu ta Wunti wadda ta fara isata: wai in dai kwamfuta ce ta haɗa jirgin yaƙi a fim, to fim ɗin bogi ne. Haka aka yi ta sukar shirin Masters of the Air da ya fito a 2024, don ba su tashi B-17, babban jirgin saman jefa bama-bamai na Amurka, na gaske ba, sai suka ƙera kwatankwacinsa a ƙasa suka kewaye shi da manyan allunan hoto. Ni kuwa cewa na yi sun kyauta.

Sama da B-17 12,000 aka ƙera a zamanin yaƙin duniya na biyu, amma waɗanda ke iya tashi yau 'yan tsiraru ne, kuma sun haura shekara 80 ko sun kusa. Tamkar a ɗauko tsohuwar Bedford ta kakanka ce a ce ta yi tsere a hanyar Jos. A 1989, wajen ɗaukar fim ɗin Memphis Belle a Ingila, ɗaya ya kauce daga titin tashi ya ƙone ƙurmus. Allah ya tsare mutanen ciki, amma jirgin ya tafi ke nan.

Tsufan inji ma ba shi ne babban abin tsoro ba. Kwaikwayon yaƙi yana so jirage su matso kusa da juna, su karkace, wani ya bi bayan wani. Matuƙi kuwa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancin jirginsa. Ranar 12 ga Nuwamba 2022, a wani bikin nuna jirage a Dalas ta Amurka, ƙaramin jirgin yaƙi P-63 yana cikin kwana ya afka wa B-17 ya raba shi biyu, jama'a na kallo. Mutum shida suka rasu. Masu bincike sun gano ba a tsara tazarar da za ta raba jiragen tun a ƙasa ba. Mai ba da umarni ta rediyo ne ke shirya su suna sama. Wannan fa ba darakta a kansu da zai ce a sake, bai yi kyau ba.

Na yarda, ƙarar injin jirgin yaƙi na gaske, irin Spitfire na Birtaniya, daban take. Matuƙi Ray Hanna ya ratsa ƙarƙashin gada da shi a shirin talabijin na Piece of Cake a 1988, har yau ana jinjina masa. To a ɗauki jirgin shi kaɗai yana shawagi, a naɗi ƙararsa, artabun kuma a bar wa kwamfuta.

In wata rana 'yan fim ɗinmu suka tashi yin shiri kan yaƙin basasa, jiragen da ke gidan tarihi na Umuahiya su je su auna su, su ɗauki hotonsu ta kowace fuska. Kada wani ya ce zai zuba musu mai.